GADO A GONAR ANAB

Karanta Yohanna 15:1-8, Romawa 11:17-24, II Timotawus 1:3-7.

Littafi Mai Tsarki cike ya ke da zancen kuringar anab, watau itacen nan mai yaɗo wanda a kasuwa a ke kiran 'ya'yansa inabi. Nuhu ya dasa ta bayan ruwan tufana. Ishaya ya yi waƙa a kanta. Nabot ya mutu saboda ita. Ubangijinmu kuma, a daren da aka bashe shi, da ita ya kamanta kansa. Amma yawancinmu a gonar dawa da gero muka tashi, in banda manoman wajen Kudan kusa da Zariya waɗanda su ke noman inabi na ci. Domin wannan mu kan karanta waɗannan surori kamar mutumin da a ke ba shi labarin teku. Ina so in ba ku labarin wata gonar anab ta wani iyali a ƙasar Amurka, domin mu ga yadda a ke gadon kuringa. Daga nan za mu duba yadda a ke gadon bangaskiya, gama wannan magana ta shafi gidajenmu ƙwarai.

Tun da fari bari in faɗi abu ɗaya a fili. Abin da a ke yi a wannan gona ruwan anab ne mai sa maye. Ban kawo labarin domin in yabi kwalba ba. Abin da Misalai 23 da Afisawa 5 su ka faɗa a kan buguwa yana nan daram, horon ekklesiya kuma yana nan. Mun ga gidajen da burukutu ya rushe, mun yi jana'izar waɗanda giya ta kashe da sauran ƙarfinsu. Aikin manomin ne za mu duba.

Akwai wani mutum ana ce da shi James Concannon. An haife shi a 1847 a wani ƙaramin tsibiri mai duwatsu a yammacin ƙasar Ailan. Yana da shekara 18 ya haye teku zuwa Amurka neman abinci. Ya yi ayyuka iri iri, har da sayar da hatimin roba, sa'an nan a 1883 ya sayi fili eka 47 a kwarin Livermore, gabas da San Faransisko a jihar Kalifoniya. Ƙasar wurin tsakuwa ce, irin wadda manomin dawa za ya raina, amma kuringa tana sonta, gama ruwa ba ya kwanciya a ciki, saiwa kuma ta kan nutse da zurfi. Shi ɗan ɗarikar Katolika ne, tun da fari yana matsar ruwan anab domin sujadar majami'unsu. A 1893 ya sa aka kawo masa rassan wani irin anab daga wata shahararriyar gona mai suna Château Margaux kusa da birnin Bordo a Faransa. Sunan irin Cabernet Sauvignon, a baki kuwa kamar a ce kabarne sobinyon. 'Ya'yansa ƙanana ne, baƙaƙe, da ɓawo mai kauri, ba ya kuma saurin nuna.

James ya rasu a 1911, ɗansa Yusufu, wanda su ke kira Joe, ya ɗauki gonar. A 1920 gwamnatin Amurka ta hana yin giya da sayar da ita a dukan ƙasar, dokar kuwa ta daɗe har 1933. Gidajen matsar anab da yawa su ka rufe. Waɗansu manoma su ka tumɓuke kuringoginsu, waɗansu su ka dasa irin da ke jure doguwar tafiya a jirgin ƙasa domin a sayar da shi ɗanye. Amma dokar ta bar ƙofa ga ruwan anab na sujada, ta wannan ƙofa gidan Concannon ya tsaya, tsofaffin kuringogin Bordo ba a taɓa su ba. A 1965, a zamanin jikan James, masana na Jami'ar Kalifoniya da ke garin Davis su ka yanki rassa daga kuringa guda ɗaya a gonar. Daga waɗannan rassa aka sami zuriya uku, aka sa musu lamba 7 da 8 da 11. Masu wannan sana'a suna ƙiyasta cewa wajen kashi 80 cikin 100 na wannan iri da ke Kalifoniya daga nan ya fito. Kuringar kuwa suna ce da ita uwa.

To, ga abin da na ke so ku riƙe. Me ya sa James ya wahala da kawo rassa ɗanyu ta teku da tudu, tafiyar makonni, alhali da ƙwayoyin iri sun ishe shi cika eka 47? Dalili shi ne ƙwayar anab ba ta gadon uwarta. In ka ci 'ya'yan wannan kuringa ka shuka ƙwayar, lalle za ta tsiro, za ta yi ganye, ta yi yaɗo, mai wucewa ya ce ga kuringa. Amma sa'anda ta yi 'ya'ya, wani abu dabam za ka samu, sau da yawa mai tsami marar amfani. Ƙwaya ɗari, iri ɗari. Wannan iri kansa haka ya fara. A 1997 wata masaniya a Davis, Carole Meredith, da ɗalibinta John Bowers su ka buga binciken da su ka yi cikin ƙwayoyin halittar kuringa, su ka nuna iyayensa biyu ne: wani baƙin anab mai suna Cabernet Franc da wani fari mai suna Sauvignon Blanc. Ƙurar furen ɗaya ta faɗa a kan furen ɗayan a wata gona a kudu maso yammacin Faransa, wajen ƙarni na 17, ƙwaya ɗaya ta tsiro. Sau ɗaya aka yi wannan. Tun daga ran nan, kowace kuringa mai wannan suna, a Faransa ko Chile ko Afirka ta Kudu ko Ostareliya, fiye da hekta 300,000 a duniya, reshe ce da aka yanka daga reshe, har a koma ga wancan tsiro guda. Rai ɗaya ne ya ke tafiya daga hannu zuwa hannu shekara ɗari uku da ɗoriya.

Wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu. Wa ya ke shuka ƙwayar rogo? Icensa mu ke sarewa mu binne. Rake ma haka. Wanda ya sha mangwaro mai aure ya ji daɗi ya binne ƙwallon a bayan ɗaki, bayan shekara shida ko bakwai sai ya tarar da mai zare a hannunsa.

Mu kan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Gaskiya ne ga barewa. Gaskiya ne kuma ga kamannin fuska da tsawo da murya, har da saurin fushi. Amma Littafi bai yarda da wannan karin magana ga sha'anin ruhu ba. Eli firist ne, 'ya'yansa su ka ƙazantar da hadaya. Sama'ila annabi ne tun yana yaro, 'ya'yansa su ka karɓi hanci. Hezekiya ya tsabtace haikali, ɗansa Manassa ya cika shi da gumaka. Amon mugu ne, ɗansa Yosiya ya nemi Ubangiji tun yana saurayi. Littafin Alƙalawa sura 2 ya ba da labarin tsarar da ta tashi bayan Joshuwa da dattawansa; jikokin waɗanda su ka ci manna ne, duk da haka ba su san Ubangiji ba. Nikodimu malami ne cikin Isra'ila, asalinsa ba abin tuhuma, shi ne kuwa aka gaya wa sai an sāke haifarsa.

A shekarar nan ta 1893 da rassan Bordo su ka isa Livermore, samari uku su ka sauka Ikko da nufin kawo bishara ƙasarmu: Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya mutu a Girku, Kent a Bida. Littafi Mai Tsarki dukansa ya fito da Hausa a 1932. Kakanninmu da su ka fara ba da gaskiya sun san abin da su ka baro. An kori waɗansu daga gida, an hana waɗansu aure, an ƙwace wa waɗansu gona. Su rassa ne da aka yanka da wuƙa, sun ji zafin yankan. Yanzu majami'unmu cike su ke da tsara ta uku da ta huɗu. Sa'anda dattawa su ka zauna gwajin masu neman baptisma, aka tambayi saurayi yaushe ya karɓi Ubangiji, sau nawa mu kan ji amsa cewa, “Ai, Baba, a gidan Krista aka haife ni”? Wani ya ce, “Kakana ne ya ba da filin majami'ar nan.” Madalla da kakanka, ɗana. Amma kai aka tambaya. Mu dattawa kuma, saboda kunyar ubansa da ke zaune a benci na gaba, sai mu rubuta sunansa. Ƙwaya ce ta faɗi a gindin uwa ta tsiro, ganyenta kamar na uwar, mu ka ƙidaya ta cikin gona. Sai lokacin 'ya'ya ya yi, a wurin aure, ko wurin riƙon kuɗin baiko, ko ranar tsanani, sa'an nan mu riƙe baki muna mamaki.

Kada wani ya ce ashe gidan masu bi ba shi da riba. Yana da riba babba. Bulus ya tuna wa Timotawus bangaskiyar da ta fara zama cikin kakarsa Lo'is da uwarsa Afiniki. Amma ku lura da yadda ta iso gare shi: tun yana jariri su ke koya masa Littattafai. Reshe ba ya tsallake teku da kansa. Sai wani ya zaɓe shi, ya yanke shi a lokacin sanyi sa'anda kuringa ta ke barci, ya naɗe shi cikin danshi, ya tsare shi daga rana. In ya bushe a hanya, sanda ce kawai ta isa. Uban da ya sa wa ɗansa suna Bitrus, ya biya masa kuɗin makaranta, amma yaron bai taɓa jin muryarsa cikin addu'a ba, bai taɓa jin labarin yadda Ubangiji ya cece shi daga bakinsa ba, wannan uba sanda ya miƙa.

Yanzu sai zancen saiwa. Wajen 1863 kuringogi a kudancin Faransa su ka fara yin rawaya suna mutuwa, ba wanda ya san dalili. In an tono matacciya ba a ganin kome sai ruɓaɓɓiyar saiwa, gama mai ɓarnar ya riga ya ƙaura zuwa ta kusa. A 1868 wani masanin tsiro, Planchon, tare da abokan aikinsa, su ka tono wadda ta ke da sauran rai, su ka tarar da saiwar lulluɓe da ƙwari ƙanana masu ruwan ɗorawa, ba su kai ƙwarƙwata girma ba. Sunan ƙwaron filoksera. Daga Amurka ya zo, a jikin kuringogin da masu sha'awar tsiro su ka shigo da su. Gwamnati ta sa ladan faran 300,000 ga wanda ya samo magani. Mutane su ka gwada kome: toka, da fitsari, da guba, da cika gona da ruwa, har da binne kwaɗo mai rai a gindin kuringa. Daga 1875 zuwa 1889 ruwan anab da Faransa ta ke samu ya faɗi har bai kai sulusi ba. Iyalai da su ka gaji gona tun kaka da kakanni su ka bar ƙauyukansu.

Maganin da ya tsaya a ƙarshe shi ne aure, irin wanda mu ke yi wa mangwaro da lemo. A dazukan Amurka akwai kuringogin jeji waɗanda su ka daɗe tare da ƙwaron. Yana cizonsu, amma saiwarsu ta kan rufe miki, ba ta ruɓewa. Faransawa sun raina su domin 'ya'yansu ba daɗi, da yawa kuma su ka ƙi, suna cewa ba za su haɗa irin kakanninsu da ciyawar daji ba. Waɗanda su ka ƙi su ka rasa gonakinsu. Wani mutumin Teksas, T. V. Munson, ya taimaka da nemo irin da ke jure ƙasa mai farar ƙasa, Faransa kuwa ta ba shi lambar girma a 1888. Har wa yau, in banda wurare kaɗan kamar Chile inda ƙwaron bai kai ba, kusan kowace kuringa ta wannan iri a kan saiwar wata ta ke tsaye.

Kowane misali yana da iyakarsa. Bulus cikin Romawa 11 ya juya maganar, gama a can reshen jeji ne aka ɗaura a kan itacen zaitun na gida, shi da kansa kuwa ya ce wannan saɓanin al'ada ne. Amma abu ɗaya ya ke gaya wa reshen: kada ya yi fahariya, gama saiwa ce ta ke ɗauke da shi. Ku duba kuma, daga ƙasar da cuta ta fito, daga can magani ya fito, kamar yadda I Korintiyawa 15 ta koya mana mutuwa ta shigo ta wurin mutum, tashin matattu kuma ta wurin mutum. Ishaya ya ga Mai Ceto kamar saiwa a busasshiyar ƙasa, abin raini, ba kyan gani. An jarabce shi kamarmu, an yi masa rauni, ruɓa kuwa bai same shi ba. Zunubi ƙwaro ne na ƙarƙashin ƙasa. Ganye yana kore, mutum yana waƙa cikin ƙungiyar mawaƙa, saiwa tana ci. Kyawun iri bai ceci gonakin Bordo ba, kyawun asali ba za ya ceci ɗan fasto ba.

Yadda a ke auren kuwa, sai an yanki reshen, an yanki gindin, a haɗa miki da miki, a ɗaure tam, a shafe da kaki. In ɗanyen ɓawon wannan bai taɓa na wancan ba, ko an ɗaure shekara ba za su kama ba. Gindinmu an riga an yanke shi a Kalfari. Yankan da ya rage namu ne, shi ne tuba.

Akwai wani darasi mai ɗaci da manoman Kalifoniya su ka koya a kwanan baya. A shekarun 1960 da 1970 yawancinsu su ka zaɓi wata saiwa da a ke kira AXR1, domin tana kamawa da sauƙi, tana ba da 'ya'ya da yawa. Amma ruwa biyu ce, rabi kuringar jejin Amurka, rabi ta Turai. Faransawa sun riga sun gwada ta sun yar. Shekara ashirin ta yi kamar lafiya. A shekarun 1980 ƙwaron ya cim mata a kwarin Napa, tilas aka tumɓuke dubban eka aka sāke dashe da hasara mai yawa. Zuriyar uwar nan ta Livermore ce aka ɗaura a kan sababbin saiwoyi a wurare da dama. Ya mai karatu, ka san gidan da a ke zuwa sujada ran Lahadi, amma in yaro ya yi zazzaɓi da dare sai a nufi wurin boka. Ka san mai Littafi a hannu da laya a ƙugu. Irin wannan saiwa tana da sauƙi, ba ta ɓata wa dangi rai, ta kan yi shekaru ba a gane ba. 'Ya'yan gidan kuwa sun gani, sun san wanda a ke dogara gare shi da gaske.

Wannan ya kawo mu ga abin da masanan Davis su ka yi da rassan 1965. Ba su raba su ga manoma nan da nan ba, gama reshe yana ɗauke da dukan abin da ke cikin uwa, har da cutarta. Tsofaffin kuringogi su kan kamu da wata cuta mai naɗe ganye ta hana 'ya'ya nuna sosai, duk reshen da aka yanka kuwa da ita ya ke tafiya. Sai su ka ajiye tsiron a ɗaki mai zafi makonni da yawa, zafin da kuringa za ta jure da ƙyar, su ka yanki ɗan kan toho da ya fito cikin zafin nan, su ka raine shi, su ka gwada shi shekaru kafin a ba kowa. Iyaye, mu ma ba bangaskiya kaɗai mu ke miƙawa ba. Gabar da ke tsakanin gidanku da gidan wane tun zamanin mishan, ƙabilanci a zaɓen dattawa, raina mata, son kuɗi, duk suna bin reshe. Yaro da ya ji ana yanka fasto da baki a kan tuwon rana kowace Lahadi, me za ya yi da wa'azin safiya? In Ubangiji ya sa gidanka cikin ɗaki mai zafi, kada ka yi gunaguni da sauri. Wataƙila jikokinka ya ke dubawa.

Gonar Concannon fa? Wajen farkon shekarun 1980 iyalin su ka sayar da ita, ta kuma sāke hannu bayan wannan, ko da ya ke jikan da ɗansa sun ci gaba da aiki a wurin shekaru da yawa. Sunan bai bar jikin kwalba ba. Ban ga laifinsu ba, sha'anin kasuwa ne, ba kuwa dokar Isra'ila a kansu kamar Nabot wanda ya ƙi sayar wa Ahab gadon kakanninsa. Amma abin lura ne cewa suna yana iya zama a kan ƙofa bayan mai gida ya canja. Akwai kuma wani iyali cikin Irmiya 35, Rekabawa, waɗanda gadonsu shi ne ba su shan ruwan anab, ba su kuma dasa kuringa, bisa ga umurnin kakansu Yonadab. Shekara fiye da ɗari biyu bayansa annabi ya ajiye tuluna cike a gabansu a cikin haikali, su ka ƙi. Ba su da gona ko eka ɗaya da za su bar wa 'ya'yansu, Allah kuwa ya kafa su shaida a kan dukan Yahuda.

Saura abu ɗaya da mai gonar anab ya kan yi, wanda na ke roƙon dattawa da shugabannin zumuntar mata da malaman makarantar Lahadi su yi tunani a kai. Bayan aure ya kama, aka dasa, in ƙasa ta taru ta rufe mahaɗin, reshen na sama ya kan fara fid da saiwar kansa. Da ido ba abin damuwa, har ya kan ƙara ƙarfi na ɗan lokaci. Amma yana ci da saiwarsa, gindin da aka ɗaura shi a kai sai ya yi ta raguwa, ƙwaron kuma ya sami abin da ya ke nema. Wannan ya fi samun kuringar da ta zauna lafiya cikin ƙasa mai taushi. Domin haka a shekarun fari manomi ya kan bi layi layi da 'yar fartanya da wuƙa, ya durƙusa a gindin kowace kuringa, ya tone ƙasa har mahaɗin ya fito fili, ya duba, ya datse duk saiwar da reshen ya fitar. Ba a yin wannan daga bakin gona. Mai kuringa dubu sai ya durƙusa sau dubu, baɗi kuma ya komo.